Amsa Ɗaya, Takarda Biyu

Shagon wanki da guga ba wurin karatu ba ne, ni ma na sani. Amma a namu shagon ƙannena biyu suka yi karatun da ya kai su kwalejin koyon aikin lafiya, kuma wannan karatun ne ya kai mu gaban kwamitin ladabtarwa.

Da Baba ya rasu ya bar mini shagon, da Umma, da 'yan mata biyu. Shagon ɗaki ɗaya ne mai kallon titi, da teburin guga biyu, da kayan mutane a rataye sun cika sama har sai ka sunkuya kafin ka wuce. A baya akwai ɗan fili inda muke wanki da shanya. In akwai wuta mu yi da dutsen lantarki, in an ɗauke mu hura gawayi. Babbar, wadda muke kira Doguwa, ita ce hannun damana. Ba ta da yawan magana, amma in ta sa wa wando kari sai mai shi ya ji tausayin zama da shi. Ƙaramar kuwa, Auta, baki gare ta kamar rediyo, ga ciwon asma. Hayaƙin gawayi ya taɓa ta kaɗan, sai ka ji ƙirjinta ya fara kuka. Shi ya sa aikinta ninki ne da sa kaya a leda, can bakin ƙofa inda iska take.

Doguwa ce mai son aikin asibiti tun tana 'yar mitsitsiya. Ko kaza ce ta karye a gida, ita ce mai ɗori. Amma da ta gama sakandare sai ta ƙi tafiya, ta ce sai Auta ta gama su tafi tare. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce ba za ta bar ni da tulin kayan mutane ni kaɗai ba. Da lokaci ya yi ni na kai su rajista da ƙafata. Suka tsaya a layi ɗaya na bin ɗaya, aka ba su lambobi a jere, har ina murna ina cewa ko a takarda ba a raba su ba.

Yadda suke karatu kuwa, dole ce ta koya musu. Suna dawowa daga makaranta za su tuɓe fararen kaya su kama aiki, hannu ba ya samun sararin riƙe littafi, balle biro. Sai a jingina littafin da bango a kan kantar shagon, a danne shi da sandar sabulu. Doguwa ta leƙa ta karanta, ta koma kan gugarta tana juya abin a ranta, can sai ta faɗe shi da nata kalmomin. Auta ta cafe daga bakin ƙofa ta maimaita. In ta yi tuntuɓe Doguwa ta gyara mata. In jimlar ta yi nauyi Auta ta ce, "Yaya Doguwa, wannan ba ta hawa harshe, sauya mana wata." Sai a sauya. Haka za su yi ta jefa wa juna har amsar ta zauna daram a kan su biyun. Masu kawo wanki sun saba, wasu ma sukan tsaya su saurara da ƙullin kayansu a hammata. Ni da ban gama sakandare ba, yau ka tare ni a hanya ka tambaye ni ƙasusuwan hannu, zan jero maka su.

Shekarar farko lafiya lau. Yawancin jarrabawar ta zaɓi ce, a jero maka amsoshi ka zagaye ɗaya. Waɗanda ake dogon rubutu kuwa, Allah ya gafarta mini, ina zaton malaman auna nauyin takardar suke yi a hannu su ba da maki. Sai a shekara ta biyu aka kawo wani sabon malami mai koyar da hana yaɗuwar cuta. Matashi ne mai sanyin murya, kuma yana da wata ɗabi'a da ba a saba da ita ba a wurin: yana karanta abin da ɗalibai suka rubuta, layi bayan layi.

Ina bayan shago ina matse wasu manyan labulaye suka dawo. Ban ji muryar Auta ba tun daga titi, nan na san ba lafiya.

"Yau kuma wa ya rasu?" na ce.

Doguwa ta ce, "An riƙe sakamakonmu, Yaya. Wai mun yi satar amsa."

Dariya na yi, wallahi, har labulen ya suɓuce mini ya koma cikin ruwa. "Ku? Amsar wa kuka sata?"

"Wai ta juna."

Washegari na rufe shago na tafi kwalejin da niyyar in koya wa wannan malamin hankali. Na shirya maganganu tun daga gida, masu zafi ƙwarai. Amma da na shiga ofishinsa sai ya miƙe ya ba ni kujerarsa, shi ya zauna a kan wani benci, duk shirin nawa ya rushe. Ya ɗauko takardu biyu ya shimfiɗa su kusa da juna a kan tebur. Na gane rubutun Doguwa, ƙanana a tsaye, da na Auta mai kwanciya kamar ana kora shi.

Ya ce, "Tambayar ita ce, me ya sa ake keɓe mai cuta mai yaɗuwa daga sauran marasa lafiya. Bari in karanta maka ta farko, kai kuma ka bi ta biyun da ido."

Ban buƙaci bin komai da ido ba. Yana karantawa ina rigan shi a zuci. Da ya zo wurin da aka ce mai irin wannan cuta a ɗakin jinya kamar jan zani mai zuba ne a bahon fararen kaya, ba laifinsa ba ne amma ba a haɗa shi da kowa, sai na ji har murmushi ya zo mini. Na tuna ranar. Wata mata ce ta cusa jan zaninta a cikin rigunan mijinta, muka wayi gari da riguna masu ruwan hoda, mijin ya zo ya yi mana tas. Ana cikin wannan tashin hankali Doguwa ta ɗago ta ce wa Auta, "Kin ga amsarmu nan."

Malamin ya ce, "Wannan misalin babu shi a kowane littafi. Ni ban faɗe shi a aji ba. Kuma ga shi a takarda biyu, kalma bayan kalma, shafi uku cur. Har kuskurensu ɗaya ne, su biyun sun rage lokacin da ake tafasa kayan aiki. Sannan kujerunsu na kusa da juna, don lambobinsu a jere suke."

Na kwashe komai na gaya masa, tun daga sandar sabulu har jan zanin. Na ce kuskuren ma na san asalinsa, Doguwa ce ta leƙa a gurguje ta karanta ba daidai ba, ɗayar kuma abin da aka jefa mata shi take cafewa. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya daɗe yana kallon takardun.

"Da ka zo kafin in tura," ya ce a hankali, sai kuma ya girgiza kai. "A'a, kar in yi maka ƙarya. Ko ka zo sai na tura. Dokar ta ce duk malamin da ya ga irin wannan ya rufe, shi ma mai laifi ne. Yanzu magana tana hannun kwamiti."

"To kwamitin me zai yi?"

"In an gane wadda ta kwafa, ita za a kora. Wadda aka kwafi tata a ba ta gargaɗi, ta maimaita darasin. In ba a gane ba, sai a ɗauka haɗin baki ne, a kori su biyun. Kuma wanda aka kora kan satar amsa, ana sanar da sauran makarantun aikin lafiya, babu mai ɗaukarsa."

"In kuma babu wadda ta kwafa fa?"

Ya buɗe wani ɗan littafi na dokokin makaranta ya yi ta juya shafi, ni na san ya san ba zai samu ba. Ya rufe ya ce dokar ba ta yi tanadin wannan ba.

Ranar zaman kwamiti na goge musu kayan makarantarsu da hannuna. Ɗakin dogo ne, da dogon tebur, da fanka mai ƙara kamar za ta faɗo. Shugaban kwamitin dattijo ne mai furfura, fuskarsa ba ta mugu ba ce. Rigarsa dai duk wanda ya goge ta bai kyauta masa ba, kari biyu ne a hannu ɗaya, idona ya ƙi barin wurin. A gefensa akwai wata malama mai tabarau, da wasu maza biyu da ban ji muryarsu ba har aka tashi, da magatakarda mai rubuta abin da aka faɗa. Sabon malamin yana can ƙarshen tebur. Aka ce ni a matsayina na mai kula da su zan iya zama, amma ba zan yi magana ba sai an ba ni izini.

Shugaba ya tambayi Doguwa ko ta kwafa, ta ce a'a. Ya tambayi Auta, ta ce a'a, ta kuma ɗora da bayani har sai da ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Wato tare kuke karatu."

"Eh, ranka ya daɗe."

Ya yi wani ɗan murmushi na gajiya. "'Ya'yana, na daɗe a kan kujerar nan. Duk wanda ya shigo ɗakin nan abin da yake faɗa ke nan, tare muke karatu."

Nan na manta da maganar izini. Na miƙe na ce a gwada su mana, ga su nan ai, a raba su a tambaye su. Shugaba ya ce in zauna. Malama mai tabarau ta ce ita ba ta ga aibun gwadawar ba. Aka fitar da Auta waje aka rufe ƙofa, aka ce Doguwa ta faɗi amsar da ka. Ta tsaya ta harɗe hannu a baya ta zubo ta tiryan-tiryan, malamar tana bin takarda da biro. Aka shigo da Auta, ita ma ta zubo, har inda Doguwa take ɗan tsayawa ta ja numfashi nan ita ma take tsayawa. Na kalli fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ƙirjina ya cika fam. A raina na ce shi ke nan, a ba mu haƙuri mu tafi, ina da kayan mutane a jiƙe.

Shugaba ya ce, "Madalla. Tun yaushe aka riƙe sakamakon nan? An kwana biyu. Kuma ɗaki ɗaya suke kwana. In ni ne aka kama da irin wannan, me zan yi a kwanakin nan in ba in haddace amsar ba?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ce, "To a yi musu wata tambayar! Kowacce ce a cikin littafin, a buɗe ko'ina!"

"Malam," in ji shugaba, "nan ba ɗakin jarrabawa ba ne. Kuma ko sun sake faɗin abu ɗaya, me ya nuna? Ya nuna suna da hadda. Bai nuna cewa a ranar ɗaya ba ta leƙa takardar ɗaya ba. Mai tsaron jarrabawar ya ce bai ga komai ba, amma shi kaɗai ne a kan ɗaki cike da ɗalibai." Ya jingina da kujera. "Bara na kori yara maza biyu a kan abin da bai kai wannan ba. Uwar ɗayan a nan ta durƙusa, inda kake tsaye. In na saki naka yau, me zan ce mata in mun haɗu? Waɗannan yaran gobe rayukan mutane za a ba su."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban sami ƙarya a maganarsa ba. Da azzalumi ne da na san yadda zan yi da shi. Na buga teburin duk da haka, na ce ni zan rantse da duk abin da suke so, zan kawo masu kawo mana wanki su cika ɗakin nan su ba da shaida. Ya ce shaidar abin da ya faru a shago ba ita ake nema ba, ta abin da ya faru a ɗakin jarrabawa ake nema, kuma in na sake taɓa teburin za a fitar da ni. Sannan ya dubi yaran ya ce kwamiti zai sake zama mako mai zuwa. Wadda ta san ita ce, ta ji tsoron Allah ta ceci 'yar'uwarta. In ba haka ba hannunsa a ɗaure yake.

A kwanakin da suka biyo baya babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba. Akwai wani lauya da muke yi wa guga, na tare shi da rigunansa a hannu na zayyana masa. Ya ce ana iya zuwa kotu, amma kafin a gama shari'ar 'yan ajinsu sun yi aure sun yi jikoki, kuma alƙali ba ya son shiga tsakanin makaranta da dokarta. Na je ofishin shugaban kwalejin, sakatarensa ya ce ba a ganinsa kan maganar da ke gaban kwamiti. Na koma wurin sabon malamin, na tarar ya rame ya fi ni. Ya ce ya rubuta wa kwamiti cewa shi a ransa ya yarda da yaran, aka amsa masa cewa abin da ke ransa ba hujja ba ne.

Umma kuwa da na zauna na warware mata yadda dokar take, sai ta dubi tafin hannunta. Can ta ce, "Wato sai ɗaya ta ce ita ɓarauniya ce sannan a bar ɗaya."

"Haka ne, Umma."

"Ni ban haifi ɓarauniya ba. Kuma ba da bakina za a zaɓi wadda za ta zama ba. Kar wanda ya sake kawo mini maganar nan." Ta tashi ta shige ɗaki. Daga ranar abinci ma sai an yi da gaske take taɓawa.

Ana gobe zama, da rana tsaka, aka ɗauke wuta muna da kayan wani asibiti da za a karɓa da yamma. Na hura gawayi, Doguwa ta cika dutse. Littafin kuwa an sauke shi daga kan kantar shagon tun ranar da aka riƙe sakamakon. Sai Auta ta bar bakin ƙofa ta shigo har tsakiyar shago.

Ta ce, "Ni zan ce ni ce."

Doguwa ba ta ɗago ba. "Koma wurin ninkinki."

"Ai gaskiya ce ma. Kalmomin duk naki ne. Ni me na taɓa tsarawa? Ke kike faɗa ina maimaitawa. In akwai wadda ta kwafi wata a duniyar nan, ni ce."

"Na ce ki koma."

"Ke ce mai son aikin nan, Yaya Doguwa! Ni biyo ki na yi. Da kin ce aikin gyaran mota za ki koya, da can za a same ni."

Doguwa ta ajiye dutsen a kan mazauninsa. "To an kore ki. Sai ki dawo nan ki yi me? Ninki har ki tsufa? Ko karin wando ba ki iya ba, in kin sa sai ya fito kamar hanyar tururuwa. Ni in na dawo, ina da sana'a a hannuna."

"To a kore mu duka mana! Ai ba mu yi komai ba. Mu tsaya a kan gaskiyarmu, su yi abin da za su yi."

Ni ma abin da zuciyata take faɗa ke nan tun farko, a kore su duka, mu fito da kanmu a sama. Amma kafin in buɗe baki tari ya sarƙe Auta. Ta dafa tebur tana jan numfashi, ƙirjin yana wannan kukan da na sani tun tana goye. Doguwa ta zaro abin shaƙarta daga aljihun jaka ta miƙa mata, ta tsaya tana shafa mata baya har ya lafa. Sannan su biyun suka juyo suka zuba mini ido.

"Yaya, ka yi magana," in ji Doguwa.

Ni da unguwa ta san ni da baki, ni da ban taɓa barin mai kawo wanki ya yi mini kalma biyu ban mayar masa da biyar ba, na nemi magana na rasa. Na dubi wannan, na dubi waccan. Duk wadda na kalla sai in ga ranar da aka haife ta. Ban taɓa jin rashin amfanina kamar na wannan lokacin ba.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Auta, fita daga cikin hayaƙin nan."

Ta gane, Doguwa ma ta gane, na zaɓi wadda za ta ci gaba da karatu ke nan. Auta ta fita ta zauna a dakalin ƙofa ta kifa kai a gwiwa, Doguwa ta ɗauki dutsenta ta ci gaba da zanen gadon da take gogewa.

A zama na biyu ba a ɓata lokaci ba. Shugaba yana tambaya ko akwai mai magana, Doguwa ta matsa gaba ta ce, "Ni ce na kwafa, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya ce wa magatakarda ya rubuta. Sannan ya ce sai ta yi bayanin yadda ta yi, don dokar tana son a rubuta dalla-dalla.

Nan aka zo wurin da ba mu shirya ba. Yarinyar nan ba ta san yadda ake satar amsa ba. Ta tsaya tana motsa baki. "Na duba," ta ce.

"Ta wane gefe ƙanwarki take zaune?"

"Dama."

"Ita ta karkato miki da takardar?"

Na ga ta gane ramin da ke cikin tambayar. "A'a. Ba ta sani ba sam."

"Shafi uku kika kwafa ba ta sani ba?"

Fanka tana ta ƙararta. Sai shugaban da kansa ya tausaya mata ya miƙa mata hannu. "Wato tana rubutu kanta a sunkuye, ke kuma da yake kin fi ta tsawo kina hango takardar ta saman kafaɗarta, kina bin ta layi-layi."

"Eh, haka ne."

"Saboda ba ki yi karatu ba."

Ta ce, "Saboda ban yi karatu ba."

Sabon malamin ya sunkuyar da kai, bai sake ɗagowa ba. Malama mai tabarau ta cire tabaran ta ajiye, ta ce, "Yarinya, dube ni nan. Kin san abin da wannan maganar za ta jawo miki? Kin tabbata?"

"Na tabbata, Malama."

Malamar ta dubi shugaba, ta dube ni, kamar tana jiran wani ya ce wani abu. Babu wanda ya ce. Ta mayar da tabaranta.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Shugaba ya ce kafin a wanke Auta dole ita ma ta tabbatar da bakinta cewa aikin nata ne. Ya jawo takardarta ya ɗaga.

"Wannan amsar, ke kika tsara ta da kanki?"

Auta ta juya ta kalli yayarta. Doguwa ba ta kalle ta ba, bango take kallo.

"Ke nake tambaya, 'yata. Ba wadda za ta amsa miki."

"Ni na tsara," ta ce, da kyar aka ji.

"Ɗaga murya, magatakarda bai ji ba. Wannan misalin na jan zani a bahon fararen kaya, tunanin wa ne?"

Hawaye yana zuba har kan wuyan rigar da na goge mata. "Nawa ne."

"Babu wanda ya taya ki?"

"Babu."

"To madalla. Misali ne mai kyau, ki riƙe wannan basirar. Amma ki koyi rufe takardarki."

Ya karanta hukuncin. Auta za ta maimaita darasin, da gargaɗi. Doguwa an kore ta daga ranar, ta miƙa katinta na ɗalibai kafin ta fita daga harabar makaranta. Ta ciro shi daga wuya ta ajiye a kan tebur da hannu biyu, kamar yadda take miƙa wa mutane kayansu.

Dattijon ya tausasa murya. Ya ce mata kar ta ɗauka rayuwa ta ƙare. Ya ce a duk shekarunsa a kan kujerar nan, 'yan kaɗan ne suka yi ƙarfin halin da ta yi, kuma zai sa a rubuta cewa da bakinta ta amsa laifinta ba tare da an matsa mata ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ranar nan ka yi fushi da mu, ban riƙe ka ba. Ka ga dai yadda gaskiya ta fito da kanta. Da mun biye maka, da yanzu su biyun ka rasa. Ka gode wa Allah, gidanku akwai tarbiyya."

Ya zuba mini ido yana jira. Duk teburin suna jira. Na ji maganganu sun taso mini tun daga ciki sun cika bakina, na san kuma in na saki ko ɗaya, abin da Doguwa ta saya yanzun nan zai zube a ƙasa. Sai na ji yatsunta sun kama bakin hannun rigata sun ja kaɗan.

Na ce, "Mun gode, ranka ya daɗe."